Kafin ka sayi sabuwar altaneta: kurakuran gyaran caji a motocin gudu

Da zarar fitilar batir ta kama a dashbod, ko aka murɗa makulli da safe kik ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru, sai a ɗora wa altaneta, na'urar da ke caja batir inji na aiki, laifi. A cire ta, a sayo wata, bayan kwana uku batir ya sake kwanciya. Sau da yawa ita lafiyarta ƙalau, hanyar da wutar ke bi ce ta lalace. Abin ya fi yawa a ƙananan motocin gudu masu kujera biyu, irin MGB ta Ingila da Mazda MX-5 ta Japan, domin batirinsu ba ya kusa da inji. Na MGB yana bayan kujeru, na MX-5 ta farko da ta biyu yana cikin but. Waya ta yi tsawo, mahaɗa sun yi yawa, kowace mahaɗa kuma wurin ɓuyar tsatsa ce.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne cire kan batir inji na aiki, wai a ga ko motar za ta mutu. Wannan gwajin zamanin dinamo ne, na'urar cajin da ake sa wa motoci kafin altaneta. Batir shi ke shanye tsallen wuta, idan ka cire shi altaneta na cikin caji, wutar kan yi tsalle ta ninka volt 12 sau da dama cikin ƙiftawar ido. Dayod, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai a cikin altaneta, na iya ƙonewa, ragileta mai daidaita ƙarfin caji ma haka, a mota mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar inji, kuwa har ita kana iya rasawa. Kuma ko motar ta ci gaba da aiki, bai nuna maka cajin ya kai yadda ake so ba. Mita ce ke faɗin gaskiya. Inji a kashe, batirin da ya huta ya nuna wajen volt 12.6, idan 12.2 ne, rabinsa ya tafi, a caja shi tukuna kafin a yi wani gwaji. Tayar da inji, ka taka totur zuwa juyi 2,000 a minti, ka auna a kan batir: 13.8 zuwa 14.5 shi ne daidai. Ya haura 15, ragileta na dafa batir.

To idan ka ga 13.0 fa? Nan ne ake saurin yanke hukunci. Kada ka kwance komai. Kunna manyan fitilu da fanka, ka ɗora jan tsinken mita a kan babban notin bayan altaneta, mai alamar B+, baƙin kuma a kan sandar batir mai alamar +. Tsinken ba zai kai but ba, sai ka ƙara masa waya. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke zubewa a hanya. Ƙasa da 0.3 babu damuwa, ya wuce 0.5 akwai mahaɗar da ta ci tsatsa ko wayar da ta ruɓe a cikin robarta. Maimaita tsakanin jikin altaneta da sandar batir mai alamar −, nan bai kamata ya wuce 0.2 ba. A sa tsinke a kan dalmar sandar kanta, ba a kan maƙalar da ke riƙe da ita ba, don wani lokacin matsalar tana tsakanin su biyun.

Ɓangaren bodi, inda wuta ke bi ta koma batir, shi aka fi mantawa. Inji yana zaune a kan robobi, saƙaƙƙiyar waya guda ce ke haɗa shi da jikin mota. Bayan an sauke inji ko giya akan manta a mayar da ita, ko a ɗaure ta a kan sabon fenti. Wutar sai ta nemi wata hanya, ta bi wayar totur ko ta cok har su yi zafi. Kankare wurin da sanfefa sai ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a sama.

Akwai kuma ɗan ƙaramin kwan da ake rainawa. A altanetar Lucas ta MGB, irin 16ACR da 18ACR, wutar farko da ke tayar da maganaɗisu ta cikin kwan fitilar caji take bi, ta siririyar waya mai ruwan ƙasa da ratsin ɗorawa. Kwan ya ƙone, caji ba zai fara ba sai an taka totur sosai, wataƙila ma ya ƙi. Saboda haka, idan ka buɗe makulli fitilar ba ta kama ba, daga nan za ka fara. Zare siririyar wayar daga altaneta ka taɓa ta da jikin inji, makulli a buɗe. Ta kama, kwan da wayar lafiya, laifin yana cikin altaneta, galibi kabon, ɗan gawayin da ke gogar abin da ke juyawa a cikinta, shi ne ya cinye. Ba ta kama ba, duba kwan da mazauninsa. Masu son ƙawa kan sauya shi da LED, wadda wutar da take ja ba ta isa tayar da caji ba. Mayar da kwan asali mai wat 2.2, shi ya fi sauƙi.

Sai batun sayen wadda ba ta dace ba don kawai ƙafafunta sun shiga mazauni. MX-5 ta farko, daga 1989 zuwa 1997, ragiletarta a cikin altaneta take. Ta biyu, wadda aka yi har 2005, ƙwaƙwalwar mota ce ke sarrafa cajinta ta wayoyi biyu masu alamar P da D. Ka musanya su, caji ba zai daidaita ba ko fitila ta ƙi mutuwa. Duba lambar jikin tsohuwar da haruffan soket kafin ka biya kuɗi. MGB ta kafin ƙarshen 1967 kuwa, dinamo gare ta, kuma sandar + ce ke haɗe da bodi. Sai an juya tsarin motar baki ɗaya kafin a ɗaura mata altaneta, in ba haka ba dayod za su ƙone tun daga haɗawar farko.

Wanda ya ɗaura babba, daga amfiya 34 na 16ACR zuwa 70 ko fiye, ya bar tsohuwar waya mai ruwan ƙasa, ya yi wa gobara shimfiɗa, don wannan layin ba shi da fis. Ƙara waya mai kaurin murabba'in milimita 10 zuwa 16 daga B+ zuwa babban notin kik, da fis a bakin da ke wajen batir, ka kuma nisanta ta da bakin salansa.

Fanbel ba ya buƙatar dogon bayani. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. Ya yi sako-sako zai riƙa zamewa yana ƙara, ya yi tauri zai ci boris. Idan an sa wa inji ƙaramin fuli don ƙarin gudu, caji a silo dole ya ragu.

Idan caji ya nuna 14 amma batir na mutuwa cikin dare, juya mita zuwa ma'aunin volt mai alamar AC ka auna a B+ inji na aiki. Lafiyayyiya takan tsaya ƙasa da 0.1, ta kusa 0.5 dayod ya fashe. Don tabbatarwa, kashe komai, ka sa mita a layin amfiya tsakanin sandar − da wayarta. Fiye da miliamfiya 50 akwai mai satar wuta. Cire kan batir, ka kwance wayar B+ ka naɗe bakinta da tef, sannan ka sake aunawa. Satar ta tsaya, altanetar ce. Ba ta tsaya ba, bi fis ɗaya bayan ɗaya, ka fara da fitilar but da rediyo.