Yadda za ki shigo da sababbin kaji gida don samun ƙwai

Kafin maigida ko yaro ya tafi kasuwa, ki fara yanke shawarar irin kajin da kike so. Kazar Hausa tana da juriya, tana kiwon kanta a tsakar gida, amma ƙwai goma zuwa sha biyar take yi ta shiga kwanci, a shekara da wuya ta wuce 60. Kajin gidan gona masu jan gashi, irin su ISA Brown, ko Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Zariya ta samar, suna iya kusantar 300 a shekarar farko idan abinci bai yanke ba. Noiler tana tsakani, ga nama ga ƙwai. In dai ƙwan shayin safe ne burinki, ja biyar sun isa, za ki riƙa ɗaukar kamar huɗu a kullum. Zakara ba dole ba ne, sai in kina son ƙyanƙyasa.

Mataki na biyu, akurki ya rigaye kaji zuwa. Ki samu gefen da ke da inuwa, don zafin Afrilu da Mayu a Katsina da Daura yakan haura digiri 40, kuma rufin kwano a tsakiyar rana kashe kaza yake yi. A sa waya iska ta riƙa ratsawa, a toshe duk ramin da gafiya ko muzuru zai bi, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko garin katako a ƙasa. Tsohuwar tukunya ko kwando da ɗan ƙaiƙayi a lungu mai duhu ya isa wurin saka ƙwai.

Sai sayen, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Ki nemi 'yan mako 16 zuwa 18, waɗanda suka kusa fara ƙwai. 'Yan tsaki sun fi sauƙin kuɗi, amma wata huɗu zuwa biyar za ki yi kina ciyarwa, ga ɗumama su da dare, ga rigakafi iri-iri. Ɗaya tarkon kuma tsofaffin kajin da gonaki ke sallamarwa, musamman gab da Sallah: manya ne, ga araha, amma sun gama zamaninsu, na tukunya ne. Araha ba ta ado. Ni dai na fi yarda a je gonar da aka sani, a tambayi shekarun kajin da rigakafin da aka yi musu, maimakon a tsinto su ɗai-ɗai a kasuwar ƙauye inda kajin gari goma suka kwana a keji guda.

Wanda ya je sayen ya ɗaga kowace kaza da hannunsa. Ido ya zama garau, hanci ba majina, numfashi ba gurnani, gashin ƙarƙashin wutsiya ba kashi a manne. Ya buɗe fiffike ya duba ƙuma. Idan mai kaji ya rantse cewa tana ƙwai, a taɓa ƙasusuwa biyun nan da ke gefen dubura: in yatsu biyu ko uku sun shiga tsakaninsu gaskiya ya faɗa, in ɗaya ne da kyar, to ba ta fara ba ko ta daina. A ɗauko su da sassafe ko bayan la'asar, a kwando mai iska, ba a rataye su kai ƙasa a bayan babur ba.

Da sun iso, kada ki haɗa su da na gida. Mako biyu a ware, kwanon ruwa daban, na abinci daban. Cutar Nukasil, wadda ke sa kore-koren zawo da murɗewar wuya, ta fi ɓarna da hunturu, kuma kaza ɗaya baƙuwa na iya share akurki cikin kwanaki kaɗan. Ba ta da magani, rigakafi ne kawai. Ki nemi malamin dabbobi ya ba su rigakafin da ake kira Lasota, a maimaita bayan kowane wata uku. Barkono da maɗaci da ake jiƙawa a ruwa ba sa tsayar da ita. Ranar haɗawa kuma, ki sa su da dare bayan tsofaffin sun kwanta, tsattsagar za ta yi sauƙi.

Dusa da tsaki da ragowar tuwo ba za su riƙe jar kaza ba. Kowace tana cin kamar giram 120 na abincin masu ƙwai a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai guda biyar kwana arba'in. Ki yi wannan lissafin tun kafin ki saya. Ruwa mai sanyi daga randa kada ya yanke, ko wuni ɗaya suka yi da ƙishi za ki gani a ƙwai. In ɓawon ya fara laushi, ki busar da ɓawon da kika fasa, ki daka ki zuba musu. A aje musu toka da yashi a kusurwa su yi birgima.

Kada ki damu in sati ɗaya ko biyu ya wuce ba ki ga komai ba, sauyin wuri ne. Ƙwan farko ƙanana ne, wani ma ba ɓawo. Ki riƙa kwashewa safe da yamma, don wanda ya fashe a akurki shi ke koya wa kaza shan ƙwai, kuma wadda ta koya da wuya ta bari.