Wayarka ba sabar ofis ba ce: kurakuran masu kunna FTP a waya

Tambayoyin ba sa canzawa. Mutum zai sauke manhajar FTP, wato tsarin tura fayil tsakanin na'urori, a wayarsa, ya danna maɓallin kunnawa, ya ga adireshi ya fito a allo, daga nan sai kira: "Malam, kwamfutar ta ƙi ganin wayar." "Malam, yana kai rabi sai ya tsaya." "Na tura wa ƙanina adireshin yana Kaduna, ya ce ba ya buɗewa." Na amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in tara amsoshin wuri guda.

Aikin kansa ba wani abin wahala ba ne. Kana mai da wayar rumbu, wato saba, kwamfuta ko wata wayar ta shigo ta wayfai ta ɗebi fayil ko ta ajiye, ba kebul, ba cire memori. Sai dai FTP tsohon tsari ne. Tun 1971 aka fara shi, ƙa'idojin da ake bi har yau kuwa na 1985 ne. An yi shi ne don manyan kwamfutocin da ke girke a wuri ɗaya, da wuta dare da rana, masu amfani da su kuma kusan duk sun san juna. Waya kuwa barci take yi, yawo take yi, kuma duk sirrinka yana cikinta. Kusan duk kuskuren da zan lissafa daga manta wannan ya taso.

Mu fara da masu sauƙi. Manhajar za ta nuna maka wani abu kamar ftp://192.168.0.105:2121. Lambar ƙarshen nan da ke bayan ɗigo biyu ita ce ƙofar shiga, kuma ita mutane suka fi yarwa. Asalin ƙofar FTP lamba 21 ce, amma Android ba ya barin manhaja ta buɗe ƙofar da lambarta ke ƙasa da 1024 sai a wayar da aka yi wa rut, wato aka cire mata takunkumin tsarin, shi ya sa kake ganin 2121 ko 2221. In ba ka rubuta ta ba, kwamfuta za ta je ta yi ta ƙwanƙwasa 21, ba mai amsawa. Kuma daina liƙa adireshin a burauza. Chrome da Firefox sun cire FTP tun 2021. Sa shi a sandar adireshin File Explorer na Windows, ko ka sauke manhajar kwamfuta FileZilla ko WinSCP, duk kyauta ne.

Mai ƙani a Kaduna kuma, adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba ya wuce rautar da kake kai, wato na'urar da ke ba da wayfai. Dole na'urorin biyu su kasance a kan wayfai ɗaya. Kada ka ce to bari in kunna data a shigo ta intanet. Kamfanonin layin waya galibi suna cusa masu layi da yawa a bayan adireshi guda na waje, don haka ba yadda za a yi wani ya ƙwanƙwasa wa wayarka kai tsaye. Ni ban ma so ka yi nasara a wannan ba, za ka ga dalili a gaba.

Akwai kuma wayfai na otal, makaranta ko ofis da aka saita shi yadda na'urori ba sa ganin juna. Kana kai, kwamfutarka tana kai, amma shiru. Kada ka ɓata lokaci. Kunna hotspot a wayar, ka haɗa kwamfutar da shi, ka yi aikinka. Turin ba ya cin data ko kaɗan tunda tsakanin su biyun ne, amma ni nakan kashe datar wayar tukuna, don Windows yana jin intanet zai fara sauke sabuntawa ya lashe maka ita.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai: barin waya ta yi barci ana tsakiyar turi, sannan a goge asalin ba a duba ba.

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min wayarta cike da hotuna da bidiyon bikin 'yarta, tana son a kwashe su a kwamfuta a wanke wayar saboda ta yi nauyi. Na kunna sabar, na ja folda gaba ɗaya, na kife wayar a kan tebur na shiga wani aikin. Da na dawo na leƙa, sai na ga sunaye sun jeru reras, na ce shi ke nan, na wanke wayar. Sai da ta ce, "Ɗana, buɗe min na ranar kamu in gani," sannan gumi ya karyo min. Sunan bidiyon yana nan, amma girmansa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ya ƙi buɗewa, waɗanda ke bayansa a layi kuwa ko zuwa ba su yi ba. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Allah ya kyauta gaba," ta ɗauki wayarta. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Tun Android 6 na 2015 akwai tsarin da ake kira Doze: in allo ya mutu, wayar tana ajiye ba motsi, kuma ba ta kan caji, sai ta fara yanke wa manhajoji intanet don ta adana batir. Bayan wannan, masu ƙera waya irin su Tecno, Infinix, Xiaomi da Samsung kowa yana da nasa mai gadin batir da yake rufe manhajar da ke aiki a bayan fage. Shi kuma FTP in hanya ta yanke, guntun fayil ɗin da ya iso yana nan zaune da cikakken sunansa, kamar lafiyayye. Ido ba zai gane ba sai ka duba girma.

Ga yadda nake yi tun daga nan, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Waya tana kan caji kafin in fara. Na shiga saitin batir na cire wa manhajar duk wani takunkumi. Na sa allo ya daɗe bai mutu ba, na rage haskensa, na bar manhajar a gaba. Mai amfani da Termux, manhajar rubuta umarni a Android, ya rubuta termux-wake-lock kafin komai. Mai iPhone kuwa ba shi da zaɓi, iOS yana dakatar da manhaja jim kaɗan bayan ka fita daga cikinta, sai dai ka bar ta a buɗe. Babban turi ba na yin sa da File Explorer, domin ba ya ba ka bayanin kirki in abu ya lalace. FileZilla yana da wurin da yake jera duk fayil ɗin da ya gaza, a ƙasan allo, kuma yana iya ci gaba daga inda ya tsaya. In an gama ina kwatanta yawan fayiloli da jimillar girmansu a ɓangarorin biyu, in buɗe manyan bidiyo biyu ko uku in ja su har ƙarshe. Gogewa kuma ba ranar ba. Wasu abokan aiki suna cewa na cika tsoro. Su ba su tsaya gaban uwar amarya da bidiyon da ya ƙi buɗewa ba.

Na biyun da ya cancanci faɗa shi ne buɗe saba ba kalmar sirri. Manhajoji da yawa suna da zaɓin shiga ba suna, kuma mutane suna barin sa a kunne wai don kada su sha wahalar rubutu. Haba! Ka san abin da ka buɗe kuwa? In ka bar sabar tana nuna ma'ajiyar wayar gaba ɗaya, duk wanda ke kan wayfai ɗin nan zai iya shiga foldar hotunanka, ya ga hoton katin shaidarka da ka ɗauka, da takardun banki da ka sauke, da duk hotuna da saƙon muryar da aka turo maka a WhatsApp. In ka ba da izinin rubutu, gogewa ma zai iya. Ba sai gwani ba, akwai manhajojin da cikin ɗan lokaci za su lissafa wa mutum duk na'urar da ke kan wayfai da ƙofofin da ta bari a buɗe. A farkon 2019 an gano cewa manhajar waya ES File Explorer, wadda miliyoyin mutane suka sauke, tana barin ƙofa ta 59777 a buɗe, har wanda ke wayfai ɗaya da kai yana iya jan fayilolinka. Wancan kuskuren masu manhaja ne, mutane ba su sani ba. Kai kuwa da hannunka kake yi.

Kuma kada kalmar sirrin ta ruɗe ka. FTP na asali yana aika suna da kalmar sirri a fili, ba ɓoyewa, kamar mai kiran lambar asusunsa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Saboda haka kada ka kuskura ka sa kalmar da kake amfani da ita a imel ko banki. A wayfai da ba nawa ba, ni ba na kunna FTP sam. Ko dai in koma hotspot ɗina mai kalmar sirri, ko in yi amfani da SFTP, wanda ke bi ta hanyar tsaro ta SSH yana ɓoye komai. Manhajar primitive ftpd tana yin duka biyun, Termux ma yana yi in ka saka openssh, ƙofarsa 8022. File Explorer na Windows bai san SFTP ba, sai FileZilla ko WinSCP. Sannan na ware folda guda mai suna Turi, ita kaɗai nake nuna wa sabar, abin da za a ɗauka in zuba shi ciki. Ana gamawa in kashe. Wanda zai kunna saba a gida, ya manta, ya zura wayar a aljihu ya tafi ya hau wayfai na makaranta, shi ya jawo wa kansa.

Saura ƙanana ne, amma suna ɓata rana.

Jiya ya yi, yau ya ƙi: adireshin ne ya canza, don rauta tana raba su ne aro-aro. Duba allon manhajar kowane lokaci, ko ka shiga rautar ka keɓe wa wayar adireshi guda.

Fim ya ƙi shiga memori alhali akwai fili: memorin FAT32 ne, ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Sai an mai da shi exFAT, kuma hakan zai share abin da ke ciki, ka kwashe tukuna.

Folda tana nunawa fanko: tun Android 11 sai ka ba manhajar izinin ganin dukkan fayiloli. Foldar Android/data kuwa a kulle take, ka haƙura da ita.

Hoto ko zip ya iso a lalace: an tura shi ne da yanayin ASCII, wanda aka yi don rubutu zalla. Sa shi a binary ka manta da shi.

Masu kukan rashin sauri, ku fara duba lissafi. Wayfai da megabit ake auna shi, turi kuma da megabait, sai ka raba da 8. In rautarka da wayarka suna da wayfai na 5GHz, hau shi ka matso kusa. In ƙananan hotuna ne dubbai, ɗaure su a zip guda, domin FTP yana buɗe sabuwar hanya ga kowane fayil, a nan lokacin ke tafiya. Ni dai in abin ya wuce gigabait 20 ko 30, kebul nake nema, ba na jayayya da shi.

Ka tura waƙa ko hoto cikin waya amma bai fito a galari ba: yana nan, wayar ce ba ta riga ta lissafa shi ba. Kashe ta ka kunna.

Masu son mai da tsohuwar waya saba ta dindindin a shago, a jone da caji dare da rana, ku riƙa taɓa bayanta. Zafi da caji kullum a ɗari bisa ɗari suna kumbura batir. In wayar tana da saitin tsayar da caji a 80 ko 85, kunna shi, ka cire mata riga, ka ɗauke ta daga inda rana ke bugu. Ranar da ka ga murfin baya ya fara ɗagawa, zare cajar nan take, kada ka sake jona ta sai an canza batir.