Darasi na 7: Borrow da Lend, Mai Karɓa da Mai Bayarwa

A Hausa tushen kalma ɗaya ke yi mana aiki biyu. Yau ka ce wa maƙwabcinka "ara mini tsani", gobe ka ba da labari ka ce "na ari tsaninsa". Wasalin ƙarshe kawai ya sauya. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu, kowane da kalmarsa: borrow da lend. Nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne, harshen da suka tashi da shi ne ke jan su.

Ka dubi hannu, shi zai raba maka gardama. Hannun da ya karɓi abu da niyyar mayarwa, shi ke yin borrow. Hannun da ya miƙa, shi ke yin lend.

A ce kana cika takarda sai bironka ya daina rubutu, ga wani a gefenka da nasa. Hanya biyu gare ka. Ko ka ce "Can I borrow your pen?", wato ko zan iya aron bironka, ko kuma "Can you lend me your pen?", wato ko za ka ara mini. Buƙatar ɗaya ce. A ta farko kana maganar abin da kai za ka yi, a ta biyu abin da shi zai yi. Abin da ba ya faɗuwa shi ne "Borrow me your pen". Ana yawan jin sa a bakin mutane, amma kuskure ne, don ka ɗora wa mai biro aikin mai karɓa.

Kowace na da abokiyar tafiyarta. Borrow na tafiya da from, lend na tafiya da to: "I borrowed a book from my sister", "My sister lent a book to me". Lura da lent ɗin nan. Idan abin ya riga ya faru, borrow na zama borrowed, amma lend ba ta karɓar ed, sai ta koma lent.

Mu mun bambanta aro da rance: keke ana aronsa, kuɗi ana rantarsu. Turanci bai damu da wannan ba, borrow ce duka.

Abin da ya sa na nace a kan darasin nan shi ne takardar bashi. A ƙasanta za ka ga gurbi biyu na sa hannu, ɗaya an rubuta borrower, ɗaya lender. Borrower shi ne wanda ake bi, lender shi ne mai bin bashin. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai ka tabbatar da gurbin da yake naka.

Aikin gida: ka tuno abu uku da ka taɓa ara ko ka ara wa wani, ka rubuta jimla ɗaya ta Turanci a kan kowane. Kafin ka zaɓi kalma, tambayi kanka: ni na karɓa, ko ni na bayar?