Jan Hankalin Jama'a: Kurakuran da Masu Sanarwa Suka Fi Yi

Duk mai isar da saƙo ga jama'a a Bauchi, ko sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa ne a Muda Lawal, ko ladanin da ake miƙa wa takarda bayan sallar Juma'a, buƙatarsa ɗaya ce: mutane su tsaya su saurara. Kalmar da muka fi kamawa ita ce "jan hankali", kuma a kanta da 'yan uwanta ake yawan zamewa. Abin yana damuna, domin saƙo mai kyau kan lalace saboda harafi guda.

A rubuce, ana cewa "ya ja hankalin jama'a" ko "zai ja hankalinsu", amma "yana jan hankalin jama'a". "Ya jan hankali" ba Hausa ba ce. Kuma kalmomi biyu ne, ba a manne su.

Wannan mai sauƙin gyara ne. Wanda ya fi ɓarna shi ne rikita "ɗauki" da "ɗauke". In aka ce wa'azi ya ɗauki hankalin matasa, yabo ne: ya shige su, sun nutsu suna ji. In kuwa aka ce waya ta ɗauke hankalin matasa, kuka ake yi: ta raba su da abin da ya kamata su sa a gaba. A cunkoson jajiberen Sallah, ɗauke maka hankali ɗan sane yake yi, ɗaya ya bangaje ka yana ba ka haƙuri, ɗayan ya zare abin da ke aljihunka. To ka duba mai makarantar da ya buga a takardar talla cewa darussansu "za su ɗauke hankalin yaranku". Nufinsa alheri ne, amma abin da ya faɗa wa iyaye kishiyarsa ne. Ya rubuta "za su ɗauki hankalin yaranku", ko ya ce za su sa yara su mai da hankali.

Sai "jan kunne". Wannan gargaɗi ne, daga babba yake saukowa zuwa ƙarami: uba ga ɗa, malam ga almajiri, hukuma ga mai karya doka. Ƙungiyar matasa ba ta jan kunnen hakimi, balle Mai Martaba. Ko "jan hankali" ɗin ma sai an yi hattara, don yana ɗauke da ƙanshin nasiha, kamar a ce liman ya ja hankalin iyaye kan tarbiyya. In manya za a tunkara, a ce "muna roƙo" ko "mun kawo kukanmu", a fara da "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin Sarki". Buƙatar ba ta ragu ba, kuma an fi saurarenta.

Kan saƙon ma ana kuskure. Komai yanzu a WhatsApp "Sanarwa! Sanarwa!! Sanarwa!!!" ne, ka buɗe ka tarar atamfa ake sayarwa. Wannan talla ce, a kira ta da sunanta, ba abin kunya ba ne. In aka saba ruɗin mutane haka, ranar da sanarwar jana'iza ta zo sai su wuce ta. Shela kuwa ta mai iko ce, irin wadda sankira kan zaga gari da ita da yawun sarki. Gangami tara jama'a ne a kan manufa guda, kamar na rigakafin shan inna da aka yi ta yi da hannun sarakuna da masu unguwanni, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar da ke yaɗuwa da kanta.

Wadda nake roƙon a fi kula da ita ita ce cigiya. In yaro ya ɓata, kada a fara da doguwar gaisuwa. Kalmar farko ta zama "Cigiya", domin kunnen Bahaushe yana jin ta ya san wani abu ya ɓace, kuma ana neman taimakonsa. Sai sunan da yaron ke amsawa a gida, ba na makaranta kaɗai ba, da shekarunsa, da kalar rigar da ke jikinsa, da inda aka yi masa ganin ƙarshe, a Wunti ne ko Yelwa, da ƙarfe nawa. A faɗi inda za a kai shi: gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mai lasifika ya maimaita a hankali, yana rarrabe lambar waya. In a rubuce ne, a sa kwanan wata, kuma in an ga yaron a koma duk inda aka tura cigiyar a sanar, don kada ta ci gaba da yawo bayan ya dawo hannun iyayensa.