Yadda ake koya wa 'yan sakandare gane tudu da kwari a taswira

Duk shekara ana turo mana ɗalibai masu gwajin koyarwa da 'yan hidimar ƙasa, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe a darasin labarin ƙasa. Sai mutum ya shiga aji, ya zana da'ira cikin da'ira a allo, ya rubuta 100, 200, 300, ya juyo ya ce wa yara ga dutse nan. Su kuwa su kwafa. Ranar jarrabawar WAEC a miƙa musu taswira ta gaske, layuka ruwan ƙasa sun cukurkuɗe kamar taliya, sai ka ga yaro ya yi tagumi. Ni ma haka na yi a shekaruna biyu na farko, shi ya sa ba na yi wa kowa dariya.

Fara da neman taswirar gaske mai ma'aunin 1:50,000. Tsofaffin takardun jarrabawa da ke jibge a ofishin makaranta sun wadatar. Kada ka yi mata hoto baƙi da fari don tsimin kuɗi, domin kogi shuɗi ne, layin tsayi (wanda ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya) ruwan ƙasa, idan launi ya tafi duk sun zama ɗaya. Gara ka buga goma masu launi, ka sa a rufe su da leda, yara biyar ko shida su haɗu a kan ɗaya. Za su yi maka shekaru. Batun ma'auni ba zan ɓata lokaci a kai ba: santimita 2 kilomita 1 ne, hanya mai lanƙwasa kuma da zare ake auna ta, a ɗora zaren a kan rula.

Inda aikin yake shi ne layukan tsayi, waɗanda yara ke kira kwantuwa. Ranar farko kada ka taɓa alli. Shigo aji da bahon roba, jarkar ruwa, rula, kirayon, da ɗan dutsen da ka gina da hannunka.

A nan na sha kunya har sau biyu. Da farko na kifa ƙwarya, sai layukan suka fito da'ira tsaf, yara suka tafi da cewa kowane dutse haka yake zagayayye. Na biyu na gina da yumɓu da daddare, da safe na zuba ruwa, dutsena ya narke ya zama kunu a gaban yara saba'in, har yau akwai tsofaffin ɗalibaina da ke tsokanata da shi. Siminti za ka yi amfani da shi. Roƙi magini ya ba ka kwano ɗaya, ka kwaɓa da yashi, ka tara shi kamar girman kan mutum. Gefe ɗaya ya miƙe tsaye, ɗaya ya kwanta a hankali, a gefen da ya kwanta kuma ka ja rami da yatsu biyu daga sama zuwa ƙasa. Bar shi ya sha iska kwana uku.

Sa shi cikin baho, ka zuba ruwa har zurfin santimita 2 a rula. Kira yaro ɗaya ya bi bakin ruwan da kirayon ya zagaye dutsen. Tawadar maka ba ta kama jiƙaƙƙen siminti, alli kuma ruwa zai wanke shi. Ƙara santimita 2, wata ta zo ta zagaya. Haka har ruwa ya kusa shanye shi. Sannan a fito da shi a ajiye a ƙasa, kowa ya hau benci ya leƙo shi ta sama, ya zana abin da idonsa ya gani. Kai dai ka yi shiru. Za ka ji wani daga baya ya ce, “Malam, nan sun matse, can sun ware.” Shi ke nan, sai ka tambaye shi ta wane gefe zai hau idan yana ɗauke da buhun gero.

Daga nan ka fito da takardar naira 100, ka nuna musu Dutsen Zuma. Gefensa kamar bango yake, don haka a taswira layukansa sai sun kusa hawa kan juna. Idan a Kano kake, ka kira Dala da Goron Dutse. Idan a Zariya ne, ga Kufena nan. Dutsen da yaro ya taɓa hawa ya yi haki ya fi masa Everest sau goma.

Yanzu koma kan ramin nan da ka ja da yatsu. Duk layin da ya iso shi sai ya lanƙwasa ya yi tsini kamar V, tsinin kuma yana duban sama, wato inda ruwa ke fitowa. Tsiyaya ruwa kaɗan daga ƙoli su ga ya bi ramin ya gangaro, ya ba tsinin baya. Da wannan kaɗai za su amsa tambayar ina kogi ya nufa. Idan tsinin ƙasa yake kallo, wannan hancin tudu ne, ba kwari ba, kuma nan ne rabin aji ke faɗuwa. Ni doka ce a wurina: babu mai cewa kwari ko hanci sai ya ɗora yatsa ya karanta lambobin tsayin layuka biyu da ƙarfi.

Sai a mako na biyu za ka raba taswirar. Abu na farko, su duba ƙasan takarda su ga tazarar layukan da ƙafa aka ba ta ko da mita. Tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa ƙafa 50 ne tsakanin layi da layi, kuma ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce. Na sha ganin yaro ya yi lissafi mai kyau ya raba ƙafa da mita, maki ya tafi a banza.

Lissafin gangara ba wuya: bambancin tsayi a sama, nisan ƙasa a ƙarƙashi, duka da awo iri ɗaya. Mita 100 a cikin kilomita 2 ya zama 1 cikin 20. Zanen yanka kuwa, wato siffar ƙasa ta gefe kamar an yanka ta tsakanin wurare biyu, su ɗora gefen takarda a kan layin da ya haɗa wuraren, su ɗiga duk inda layin tsayi ya ratsa, su sauke a takardar giraf, su haɗa ɗigon da hannu ba da rula ba. Fensirin ya zama mai tsini. Ba su guda uku su yi a gida, ka karɓa ranar Litinin.