Kurakuran da 'yan diramar ƙauye suka fi yi wajen zaɓen manhajar editin

A garuruwa irin su Bichi, Gwarzo, Ringim da Birnin Kudu, da ƙauyukan da ke kewaye da su, samari masu ƙungiyar dirama ba su rasa labari, ba su rasa mai ban dariya, waya mai kyamara ma akwai ta. Inda aiki ke cijewa shi ne ranar da aka gama ɗauka aka zauna editin, kuma yawancin wahalar wannan rana tun wajen zaɓen manhaja aka sayo ta.

Babban kuskure, wanda ya haifi sauran, shi ne tambayar wace manhaja manyan editoci ke aiki da ita, alhali ba a duba na'urar da ke hannu ba. Yaro ya ji ana yabon DaVinci Resolve, ya ji kuma kyauta ce. Gaskiya ne, kamfanin Blackmagic Design yana bayar da ita kyauta ba tambari, wato ba ta manna sunan kamfani a kan bidiyonka, sai babbar yayarta Studio da ake saye dala 295. Amma tana son RAM gig 16, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, da katin hoto mai ƙarfi. Laftof ta hannu mai gig 4 da aka sayo a Beirut Road ta Kano ko dai ta ƙi buɗe ta, ko ta buɗe ta sandare, fanka na ta kuka. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Gyaran mai sauƙi ne: duba RAM ɗinka kafin ka sauke komai. In gig 4 ne ko 8, nemi Shotcut ko Kdenlive. Dukansu kyauta ne, ba tambari, kuma da zarar ka saka su ba ruwansu da intanet. Suna da wani saiti da ake kira furoksi, wanda ke yin ƙaramin kwafi mara nauyi na bidiyonka ka yi yanka a kansa, lokacin fitarwa kuma manhajar ta koma kan na asali. Kunna shi kawai na iya raba ka da sandarewa. In kuma ƙungiya ta yi karo-karo ta tara ɗan kuɗi, ni dai na fi ganin a ƙara RAM ko a sauya tsohuwar ma'ajiyar kwamfutar da SSD mai sauri a kan a sayi kowace manhaja.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya raina wayarsa. CapCut, VN, InShot da KineMaster duk suna yin aikin gajeren fim. Sai dai Itel ko Tecno mai RAM gig 2 ko 3 ba za ta ɗauki fim na minti arba'in a zama ɗaya ba. Raba shi fitowa-fitowa, ka gama kowace ka fitar da ita, a ƙarshe ka jera su wuri guda.

Sai maganar "kyauta". A rumfar mai caji za ka ga wannan: yaro ya kwana biyu yana yanka, ya sa kiɗa, ya sa rubutu, ya danna fitarwa, sai ga sunan kamfani ɓaro-ɓaro a kan hoton. Ya miƙa wa mai rumfar wayar: "Yaya, don Allah duba min, ta ina ake cire wannan?" Shi kuwa ya leƙa ya ce, "Ƙanina, wannan sai ka biya." KineMaster da Filmora suna manna tambari a sigarsu ta kyauta. CapCut kuma, ta kamfanin ByteDance mai TikTok, wasu kayan adonta suna ɗauke da alamar Pro, wato na kuɗi ne. Tana barinka ka yi aiki da su, sai wajen fitarwa ta tare ƙofa. Maganin duk wannan gwajin minti ɗaya ne. Kafin ka zuba aikinka, ɗauki bidiyo na minti guda da wayar da za a yi fim ɗin da ita, ka yanka, ka sa murya da rubutu, ka fitar, ka tura wa wani ya buɗe a tasa wayar. Abin da manhajar ke ɓoyewa a nan zai fito.

Daga tambarin nan ne ake faɗawa ramin kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa makullinta. Wani ya turo ta Xender, ko mai tura fina-finai a memori ya saka maka ita a kan 'yan canji, an ce an buɗe komai. Ban da cewa kayan wani ne aka fasa, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, ga shi a wayar nan manhajar bankinka take, a nan saƙon lambar sirri ke shigowa. Kuma irin waɗannan sukan daina aiki rana tsaka, aikin da ke ciki ya maƙale. Tunda akwai na halak da ba su sa tambari, wannan kasada ba ta da riba.

Akwai kuma masu tsallakawa ɗaya ɓangaren, su ce sai Adobe Premiere Pro. Ba a sayenta a mallaka, haya ce wata-wata, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da farashinsa ke bin dala ya yi tsalle. Tsarinsu na shekara da ake biya wata-wata yana da tara in ka fita kafin wa'adi. Ƙungiyar da ke yin fim uku ko huɗu a shekara, galibi bayan an kawar da amfanin gona ko da hutun Sallah, me zai kai ta biyan hayar watannin damina da kowa ke gona? Haka gwajin kyauta na 'yan kwanaki a Play Store: in ka sa katinka ka manta ba ka soke ba, cirewa za su yi.

Kuskuren da ya fi sa kuka shi ne rashin sanin cewa manhaja ba ta haɗiye bidiyonka. Tana nuna inda yake ne kawai. Waya ta cika, sai edita ya shiga ma'ajiyar hotuna ya goge guntayen da aka ɗauka, a tunaninsa ai suna cikin aikin. Ya koma ya tarar da baƙin allo. Haka in aka goge bayanan manhajar ko aka kai waya filashin a kasuwar waya ta Farm Centre. Kada a taɓa guntun asali sai fim ya fita, kuma a ajiye kwafinsu a memori ko filas tun ranar ɗauka. A kwamfuta a tara komai a folda ɗaya, kada a sauya mata suna. Tunda wuta ba ta da tabbas, a riƙa adana aiki bayan kowace fitowa, kuma kada a fara fitar da fim sai batir ya cika ko sola na da ƙarfi.

Ɗaukar hoto a girman 4K kuwa kwalliya ce da ba mai ganinta. Nauyin hotonta ya ninka na 1080p sau huɗu, alhali masu kallonka a ƙaramar waya za su gani, WhatsApp kuma zai matse shi. A ɗauka a 1080p, a fitar a MP4 mai tsarin matse bidiyo na H.264, don shi ne tsofaffin wayoyi ke buɗewa ba gardama. In za a tura wa wani ya ci gaba da aiki, a tura a matsayin fayil don kada a rage masa kyau.

Sauti mutane suka fi mantawa wajen zaɓe, alhali a dirama magana ce jari. Duba ko manhajar na barinka ka raba murya da hoto, ka rage kiɗa in ana magana. Iskar hunturu da ƙarar janareto manhajar gyaran sauti ta Audacity na rage su, ita ma kyauta ce, ko da yake ba ta maye makirfon da aka kusanto da bakin ɗan wasa. In ka ga baki da murya suna rabuwa a kwamfuta yayin da fim ke tsawo, sau da yawa waya ce ta ɗauka da gudun hoto mai sauyawa. Wuce da bidiyon ta manhajar HandBrake ka daidaita gudun kafin ka fara yanka. Kiɗan da ke cikin manhaja ma a yi hattara, wanda ya wuce lafiya a TikTok yana iya jawo ƙorafin haƙƙin mallaka a YouTube.

A cikin gwajin minti ɗayan nan, rubuta "Ƙauyen Ɗanɓaure" da salon rubutun da kake so. Da yawansu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su bar akwati ko gurbi a tsakiyar sunan fim. In salon ya gaza, sauya wani; Noto Sans da Andika suna da haruffan duka, kuma Shotcut da Kdenlive suna aiki da duk salon da ka saka a kwamfutarka.