Yadda za ki ɗauki labarin kakarki a waya

Sai da na haura shekara 30 na san cewa Hajiyarmu, wato kakata, gudowa ta yi daga Zariya a jirgin ƙasa, don an ɗaura mata aure da wanda ba ta so. A Agege ta Legas ta sauka, ta fara da tallar goro. Ga yadda na samo labarin, ko ke ma kya gwada da taki kakar.

Ki je bayan la'asar, lokacin da maza suka fita, janareto bai fara ruri ba. Ki riƙe ɗan goro ko turare. Ki nemi izini a fili: “Hajiya, zan ɗauki muryarki saboda jikoki, kin yarda?” In ta ce a'a, ki mayar da wayar jaka, ki saurara kawai. Kuma ki duba wayar tana da wuri. Zamana na farko da ita, wayata ta cika a tsakiyar hira, rabin maganar ya salwanta, har yau abin yana ci mini rai.

Kada ki fara da “'yancin mata”, dariya za ta yi miki. Ki tambayi ƙananan abubuwa. Wa ya ba ta kuɗin jirgi? Me ta ƙulla a ɗankwali? A ɗakin wa ta kwana daren farko? Da na tambayi Hajiya kuɗin jirgi, sai ta kai hannu ta shafa kunnenta: 'yan kunnenta ta sayar. Ta yi shiru mai tsawo. Irin wannan shirun ki bar shi, kada ki tsoma baki.

Tsofaffinmu ba da lamba suke lissafin shekaru ba, don haka ki kawo musu sunaye. Ki ambaci Gambo Sawaba, 'yar Zariya da aka haifa a 1933, aka aurar tana shekara 13, ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta sha ɗauri har sau 16. Ita ma ta sauko kudu, ta je Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, mai fafutukar 'yancin mata. Da jin sunan Gambo Hajiya ta gyara zama, hira ta ɓarke. In kakarki ta zauna kasuwa da Yarabawa, ki gwada sunan Alimotu Pelewura, shugabar matan kasuwar Legas da ta ja da harajin mata, ta rasu a 1951. Sannan ki tambaye ta yaushe ta fara jefa ƙuri'a, domin matan Arewa sai a 1976 aka ba su dama.

A daren ki sa wa muryar suna da kwanan wata, ki tura wa 'yar'uwa ɗaya ta ajiye kwafi. Abin da ta ce sirri ne, ki yanke shi kafin ya shiga WhatsApp na dangi. Bayan mako ki koma ki kunna mata, za ta gyara miki sunaye, ta kuma ƙara abin da ta ɓoye a zaman farko.